Jinin Mai Nono a Wayata

Akwai wani shafi a intanet da ke ƙirga yawan masanan da suka ambaci aikin wani masani a cikin nasu rubutun. Ni ba masani ba ne, ba ni da ko layi ɗaya a wurin, amma na yi shekaru ina leƙa shi kusan kullum kafin in karya kumallo. Shafin taubashiyata nake leƙawa. In adadin bai motsa ba, kokon ranar ya yi mani daɗi. In ya hau, sai in ji ƙosan ya yi gishiri, in hau matata da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hassada ce, ba sai an nemo mata wani suna ba.

Ɗiyar goggona ce, ƙanwar babana. Ni ɗan namiji, ita ɗiyar mace, don haka tun muna yara a Tsaskiya "baiwata" nake kiran ta, ita kuma tana ce mani "ubangidan tsiya". Haka wasan taubasai yake a danginmu. Duk baƙar maganar da ka yaɓa wa taubashinka, dariya za a yi, in ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Na girme ta da shekara huɗu, kuma na fi ta ƙoƙari a firamare, wannan kowa ya sani. Ko ita ba ta taɓa musu ba.

Ni na yi makarantar koyon aikin lafiya, na fito ma'aikacin ɗakin gwaji, aka ajiye ni a wani ɗan asibiti a Safana, kuma ina nan har yau. Ita ta wuce jami'a. A wani dogon hutu, lokacin gidansu ya koma Batsari, ta riƙa hawo mota tana zuwa wurina wai in koya mata aikin hannu. Ni na koya mata shimfiɗa jini a kan gilashi. Ɗigo ɗaya za ka ajiye, ka kawo gilashi na biyu ka jingina, ka jira jinin ya bi bakinsa, sannan ka ja shi sau ɗaya ba tsayawa. Ta daɗe ba ta iya ba. Gilasan da ta fasa mani, Allah kaɗai ya san yawansu. Ni na koya mata zuba rini, ni na koya mata juya madubin gwaji har ƙwayoyin jini su fito tar. Nakan tsaya a kanta in ce, "Baiwata, koma ki yi dakan fura, wannan ba aikinki ba ne."

To, ga ta can yanzu. Farfesa ce. Ta yi karatu a ƙasashen waje ta dawo, tana da nata ɗakin bincike a jami'a, kuma aikinta duk a kan sankarar jini ne. Ita ce cutar da fararen ƙwayoyin jini ke haukacewa tun daga cikin ɓargo, su yi ta yawa ba su nuna ba, har su cinye wa sauran jinin wuri. Taubashiyata ba ƙwayar kawai take kallo ba, cikin ƙwayar take shiga, tana neman inda rubutun gadon da ke cikinta ya sami matsala. Abin da ta rubuta, wani a can wata uwa duniya zai karanta ya ɗora nasa a kai, ya ambace ta. Ni kuwa abin da na rubuta, "akwai maleriya" ko "babu maleriya", ƙarshensa a ƙunshe ƙosai a ciki.

Da aka ba ta farfesa, goggo ta shirya walima a Batsari. Kai, ranar na ga abu. Mutanenmu sun ji an ce babbar likitar jini ta zo, sai suka kwaso marasa lafiyarsu. Mai sikila, mai hawan jini, mai basir, har wani tsoho da ya zo da takardar gwajin da ni na rubuta mashi da hannuna, ya wuce ni a zaure ko kallona bai yi ba, ya kai mata ta duba. Ita kuma sai haƙuri take ba su, tana cewa ita ba ta duba marasa lafiya, bincike take yi. Ni ko me zan yi in ba daɗi ba? Na ɗaga murya yadda har mata na cikin gida za su ji, na ce, "Jama'a ku rabu da ita! Farfesar da ko yatsa ba ta iya hudawa? Ku zo Safana gobe in duba ku." Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ku ji ubangidan tsiya, baiwarsa ta wuce shi yana borin kunya." Aka ƙara shewa. Babu wanda ya gane cewa ni ba wasa nake ba. Abin da ya fi yi mani daɗi a taubasantaka ke nan, na yi shekaru ina zubar da dafina a bainar jama'a ana tafa mani.

Kwana biyu bayan walimar ta biyo ta wurin aikina. Ta zauna a kan doguwar kujerata, ta zaro gilashi ɗaya daga cikin waɗanda na shanya, ta sa a madubi. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Har yanzu ban ga mai hannunka ba. Ɗalibaina da injinansu ba su shimfiɗa jini haka." Sannan ta yi dariya ta ce rinina har yanzu yana yin shuɗi fiye da kima, kuma ta san dalili, ruwan burtsatsenmu ne da nake haɗa shi da shi in ruwan gwajin ya ƙare. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Duk ranar da ka ga abin da bai yi maka ba, ɗora wayarka a bakin madubin ka ɗauki hoto ka turo mani. Na san likitocin jini a asibitin koyarwa, waya ɗaya zan yi. Irin wannan cutar a ƙauye ake rasa ta, ana ta ba mutane maganin maleriya."

Na ce, "Wato ni zan zama ɗan aikenki? Ubangida ya koma yi wa baiwa tsince-tsince?"

Ta ce, "Da gaske nake."

Na ce, "Ni ma da gaske nake." Muka yi dariya, ta shiga mota. Har motar ta ɓace raina na tafasa. Ni a ganina so take in riƙa tara mata jinin talakawan Safana tana rubutawa, adadin nan nata yana ƙara hawa.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo fura da nono bakin ƙofar asibitinmu. Adda muke ce mata, yadda Fulani ke kiran babbar 'yar'uwa. Rugarsu da tana can wajen Tsaskiya, da zaman daji ya gagara suka matso kusa da gari. Na fi shekara goma ina shan furarta. Ita ce mutum ɗaya da ke kira na "Likita" ba da zolaya ba, kuma takan ajiye mani nonon da ba ta tsarga wa ruwa ba a ƙaramar ƙwarya daban. Mace ce doguwa mai ƙarfi, tana iya ɗauko ƙorai uku a kai ta yi tafiyar awa guda ba ta sauke ba.

Da damina ta fara zama a ƙasa in ta iso, tana haki. Na ce, "Adda, lafiya?" Ta ce zazzaɓi ne, ta sha maganin maleriya a kemis har sau biyu, ya ƙi tafiya. Da ta yi magana na ga dasashinta da jini. Na ce ta buɗe ido, na ja fatar ƙasa, fari fat. A damtsenta akwai wasu tabo baƙi-baƙi kamar an mintsine ta, ta ce ita ba ta san ta bugu da komai ba. Na shigar da ita, na huda yatsa, na shimfiɗa, na zuba rini.

Ba maleriya. Ko ɗaya ban gani ba. Abin da na gani manyan fararen ƙwayoyi ne, cike da fili, duk kamarsu ɗaya, kowace da ƙaton ciki da ya kusa cinye ta. Jajayen ƙwayoyin sun yi ƙaranci, 'yan ƙananan da ke tsayar da jini kuwa sai da na yi ta nema. A littafi kaɗai na taɓa ganin irin wannan. Gabana ya faɗi. Amma zan faɗi gaskiya tun da na zauna faɗa, bayan faɗuwar gaban wani daɗi ya biyo. Ni na gani. Ni, a Safana, da madubin da ya girmi ɗiyata ta fari.

Na ɗora waya a bakin madubin, na ɗauki hoto guda biyar, biyu suka fito da kyau. Na buɗe lambar taubashiyata. Yatsana na kan wurin aikawa, sai na tuna da ita a bakin ƙofa tana ba ni umarni. Na ce a raina, in na tura yanzu, gobe labarin zai zama Farfesa ta gano cutar Adda daga nesa, ta waya. Goggo za ta yi ta yawo da shi gida-gida a Batsari. Ni kuma ɗan aike. Na kife wayar.

Ban zauna haka kawai ba, kuma da wannan na daɗe ina kare kaina. Na rubuta a takarda cewa babu maleriya, jini ya yi ƙasa ƙwarai, fararen ƙwayoyi sun yi yawa kuma ba su yi kama da na lafiya ba. Na kai wa jami'in da ke duba marasa lafiya. Ya ba ta maganin ƙarin jini, ya rubuta mata takardar zuwa Katsina. Aikina a hukumance ya ƙare nan. Amma ni na san mutanen nan. Damina ce, ga gero na neman noma na biyu, ga shanu, ga hanya da ba a bi bayan la'asar. Mijinta bai taɓa shiga babban asibiti ba, yana tsoron a yi ta tura su daga wannan taga zuwa waccan har kwanaki su ƙare. Da kansa ya ce mani, "Likita, in akwai wanda zai karɓe mu a can, gobe ma sai mu tafi. In babu, bari mu ga maganin nan tukuna." Akwai wanda zai karɓe su. Lambar taubashiyata na cikin aljihuna. Na ce mashi, "To, a ga maganin tukuna."

Na ce zan tabbatar da kaina kafin in gaya wa kowa. Na kakkaɓe tsofaffin littattafaina, na yi ta kwatanta hotuna, wai sai na san ainihin irin sankarar, in rubuta sunanta da hannuna, sannan in tura wa Farfesa a matsayin labari, ba tambaya ba. Da madubi kaɗai ba a rarrabe ta, wannan ma na sani. Kasuwar Batsari ta ci sau uku ina wannan shirme. Adda ta daina zuwa. Wata maƙwabciyarta ce ke kawo nonon, in na tambaya ta ce jiki da sauƙi, irin sauƙin da muke faɗa.

A mako na huɗu maƙwabciyar ta ce Adda ta yi haɓo tun safe har azahar bai tsaya ba. Nan na ji tsoro na gaske. Na ɗauko wayar. Amma ko a lokacin, wallahi, bakina ya kasa faɗin magana a miƙe. Shekara arba'in ban taɓa yi wa yarinyar nan magana ba da wasa ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na tura hoton na rubuta a ƙasa, "Baiwata, ga jarrabawa. In da gaske ke farfesa ce, faɗa mani mene ne wannan."

Tana wani taro a ƙasar waje. Bayan awa biyu ta amsa da dariya, ta faɗi abin da take zato, daidai da abin da nake zato, ta ƙara da cewa, "Daga wane littafi ka sato, ubangidan tsiya? Kawo mai wuya." Me ya rage in ce? Kalma uku: jinin mutum ne. Sai na ga ta ci jarrabawar da kallo ɗaya, abin da na kwashe mako uku ina fama da shi. Na rubuta, "Kin yi sa'a dai." Na mayar da wayar aljihu. Tir da ni.

Kwana biyar bayan haka, da hantsi, ina cikin wanke gilasai, wayata ta yi ƙara. Ita ce. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Na dawo jiya, na sake buɗe hoton nan a babban allo. Wannan shuɗin na ruwan burtsatsenku ne. Ba daga littafi ba ne. Jinin wane ne?"

Na ce, "Au, sai yanzu idon Farfesa ya buɗe?"

Ta ce, "Yaya." Tun da aka haife ta ba ta taɓa kira na haka ba. "Yaya, jinin wane ne, kuma yaushe ka ɗauka?"

Na gaya mata. Na so in rage kwanakin, amma ranar na nan a jikin hoton, na san za ta gani. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sanyi. Cewa kawai ta yi in nemo mota yanzu, in sa su a hanya kafin azahar, za ta turo mani lambar likitan da zai jira su a bakin ƙofa, kuma in haɗa da gilashin.

Na hau babur na tafi rugar da kaina. Na sami Adda kwance a kan tabarma a inuwar bukka, an toshe mata hanci da tsumma. Matar da ke ɗaukar ƙorai uku, ni da mijinta muka ɗaga ta kamar ɗaurin kara. Ta buɗe ido ta gan ni ta ce, "Likita, ka zo da kanka? Allah ya biya." Na yi kamar ina gyara mata zane.

An karɓe su kamar yadda aka ce. An ƙara mata jini, an ɗebi ɓargo, an tabbatar. Taubashiyata ta bar aikinta ta yi ta zirga-zirga a kansu, mijin ya ce har abinci take kai masu. Adda ta yi wata ɗaya da 'yan kwanaki a can. An fara girbin gero ta rasu.

Na kira taubashiyata bayan an yi bakwai. Tambaya ɗaya ke ci na. Na ce, "Da na turo tun ranar farko, da ta tashi?" Ta ce, "Irin wadda ta kama ta mai saurin gaske ce, da yawa ba su tashi ko an kama da wuri. Amma da ta iso da ƙarfinta, da an iya fara mata maganin da aka kasa farawa. Ba zan ce maka da ta rayu ba. Ba zan kuma ce maka babu bambanci ba, don ban sani ba." Na so ta yi mani ƙarya, ta ƙi. Irin gaskiyar nan tata ce ta sa ake ambaton ta a duniya, kuma ko a wannan lokacin, Allah ya yafe mani, sai da na ji haushin hakan.

Ba ta gaya wa kowa ba. Goggo ba ta sani ba, matata ba ta sani ba. Abu ɗaya ne ya canza. Da muka haɗu a wani suna a Batsari, na hango ta na ɗaga murya kamar kullum, "Ina baiwata?" Mata suka juyo suna jiran a fara. Ta taso, ta russuna a gabana, ta ce, "Yaya, ina wuni? Ya iyali? Ya aiki?" Ta gaishe ni tsaf, gaisuwar da ake yi wa babba, ta koma ta zauna. Goggo ta ce, "Ikon Allah, yau taubasai sun girma." Haka take gaishe ni har yau.

Shafin nan kuwa ban daina leƙawa ba. Na so in ce na daina. Adadin na ta hawa, kuma har yanzu yana sosa mani rai, sai dai yanzu in na fito daga shafin nakan wuce cikin hotuna, in gangara ƙasa har in kai kan guda biyun nan masu shuɗi. Ban goge su ba. Duk gilashin da bai yi mani ba yanzu, a ranar nake tura mata, ba wasa a ƙasa. Takan amsa da "Na gani, Yaya, na gode."

Bayan an gama girbi mijin Adda ya zo wurin aikina. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa duk da na ce ya bari, ya tsuguna, ya ajiye wata 'yar ƙwarya a gabana an rufe da faifai. Man shanu ne. Na gane ƙwaryar, ita ce wadda take ajiye mani nono a ciki. Ya ce ya zo godiya ne. Ya ce likitocin can sun nuna mashi gilashin da na haɗa su da shi, sun ce duk wanda ya yi wannan ya san aikinsa.

Na ce, "Ai Farfesa za ka gode wa, ita ta yi komai."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ita ma na gode mata. Amma ita da bakinta ta gaya mani, ta ce ba ita ba ce. Ta ce kai ka fara gani, Likita. Tun kafin kowa, kai ka fara gani."

Maganar da na yi shekara ashirin ina son in ji wani ya faɗa ke nan. Ya ɗaga hannu yana yi mani addu'a, ni ma na ɗaga nawa, ina cewa amin.